Littattafan Falsafar Doka da Yadda Hukunci ke Sauyawa: Tambayoyi da Amsoshi

Ɗaliban shari'a a jami'o'in Najeriya sukan haɗu da darasin falsafar doka a shekararsu ta ƙarshe, kuma da yawa sukan ɗauke shi darasin haddace sunayen Turawa, a ci jarabawa a wuce wurin. Wanda ba ɗalibin shari'a ba kuwa, kaurin littattafan da tsadarsu kaɗai sun isa su kore shi. Ga tambayoyin da aka fi yi game da su.

Wane irin littattafai ake nufi?

Iri biyu ne, sai dai sukan cakuɗe. Na farko suna ɗaukar ƙa'ida guda ta shari'a, kamar ta sakaci ko ta ciniki ko ta gado, su bi sawunta shekara da shekaru don a ga inda ta faro da inda ta karkata. Na biyu suna tambayar abin da ke ƙarƙashin duka: mece ce doka, me ya sa ake bin ta, kuma in alƙali ya zo wurin da rubutu ya ƙare, da me yake hukunci?

A ɓangaren tarihi, littafin Henry Maine mai suna Ancient Law, na 1861, shi ne kakan sauran. Maine ya ce kullum al'umma tana gaba doka tana biye, kuma hanya uku ake bi a cike tazarar: a canza doka amma a nuna kamar ba a canza ba, ko a sassauta ta da sunan adalci, ko majalisa ta fito fili ta yi sabuwa. Hanya ta farko ita ce mai ban dariya. A wata shari'a ta 1774, don kotun Landan ta samu hurumin sauraron ƙarar abin da ya faru a tsibirin Minoka, can cikin Bahar Rum, sai aka rubuta a takardar ƙara cewa tsibirin yana cikin wata unguwa ta birnin Landan, kotu kuma ta karɓa. Kowa ya san ba haka ba ne, amma aiki ya tafi.

Shekara 20 bayan Maine, Oliver Wendell Holmes na Amurka ya fitar da The Common Law, inda ya buɗe da cewa abin da ya raya doka ba mandiƙi ba ne, gogayyar rayuwa ce. Kusan duk abin da aka rubuta daga baya, ko dai goyon bayan wannan magana ne ko neman yi mata linzami.

Doka ai a rubuce take. Ta yaya za ta sauya in majalisa ba ta taɓa ta ba?

Amsar tana cikin kwalbar lemo. A watan Agusta na 1928 wata mata mai suna May Donoghue ta shiga wani shagon shan sanyi a garin Paisley na Sikotilan, aka saya mata lemon citta. Kwalbar mai duhu ce, ba a ganin cikinta. Ta sha wani abu daga ciki, da aka tsiyaye ragowar, in ji ta, sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi ya biyo. Ta kwanta ciwon ciki.

Wa za ta kai ƙara? Mai shago ba da ita ya yi ciniki ba, tunda ba ita ta biya ba. Mai kamfanin lemon, David Stevenson, bai ma san da ita a duniya ba. Tun wani hukunci na 1842 lauyoyin Birtaniya suka tafi a kan cewa in babu ciniki tsakaninka da wanda ya ƙera kaya, ba ka da ta cewa a kansa, sai fa in kayan masu haɗari ne tun asali, kamar guba ko bindiga, ko kuma ya san da aibin ya ɓoye. Lemo kuwa ba guba ba ne.

A 1932 maganar ta kai kotun ƙolin Birtaniya ta wancan lokaci, wadda ke zaune a cikin majalisar dattawa. Alƙalai uku suka ba matar gaskiya, biyu suka ƙi. Lord Atkin, wanda hukuncinsa ya fi shahara, ya ce wajibi ne mutum ya kiyaye kada ya cutar da maƙwabcinsa, maƙwabci kuma a idon doka shi ne duk wanda aikinka zai shafa kai tsaye har ya kamata ka tuna da shi tun kana aikin. Daga nan dokar sakaci ta zamani ta tashi. Da ita ake ƙarar likita da direba da magini da kamfanin abinci a Ingila, da Kanada, da Indiya, da Najeriya da Gana.

Abin lura shi ne Atkin bai ce ya kawo sabuwar doka ba. Cewa ya yi ƙa'idar tana nan kwance a ƙarƙashin tsofaffin hukunce-hukunce, shi dai ya tono ta ne. Lord Buckmaster, da ke cikin biyun da suka ƙi, ya duba tsofaffin hukunce-hukuncen nan guda ya ce shi bai ga komai ba. To wa ya yi gaskiya? Atkin gano doka ya yi, ko ƙirƙira ya yi ya sa mata tsohuwar riga? Rabin littattafan fannin nan a kan wannan tambaya suke. Edward Levi na Jami'ar Shikago ya rubuta ɗan ƙaramin littafi a 1949, An Introduction to Legal Reasoning, inda ya bi yadda rarrabewar nan ta kaya masu haɗari da marasa haɗari ta yi ta kumbura, hukunci bayan hukunci, har ta fashe.

Af, ba a taɓa tabbatar da ko akwai dodon koɗin ba. Stevenson ya rasu kafin a koma sauraron shaidu, magadansa suka sasanta da matar a wajen kotu.

Wannan ai halin dokar Ingila ne. Ƙasashen da ke bin tsarin Faransa fa, kamar Nijar da Kamaru da Cadi?

Su ma haka, sai dai sun fi iya ɓoyewa. Kundin dokokin Napoleon na 1804 ya hana alƙali kafa ƙa'ida ta gaba ɗaya. Aikinsa ya yanke shari'ar da ke gabansa kawai. Amma akwai wata jimla a farkon sashe na 1384 da ke cewa mutum yana ɗaukar alhakin ɓarnar da abubuwan da ke hannunsa suka yi. Kusan shekara 90 ana karanta ta a matsayin share fage ga sassan da ke biye, masu magana a kan dabbobi da gine-gine. Da injuna suka fara kashe ma'aikata, sai kotun ƙolin Faransa ta waiwayi jimlar a 1896, a shari'ar wani ma'aikacin jirgin ruwa da tukunyar injin ta fashe ta kashe shi. A 1930, a shari'ar wata yarinya da babbar mota ta buge, kotun ta tsayar da cewa mai abu zai biya diyya ko ba a nuna ya yi sakaci ba. Harafi ɗaya bai canza a jimlar ba. François Gény ya riga ya rubuta littafi tun 1899 yana faɗa wa lauyoyin Faransa su daina yaudarar kansu cewa komai yana cikin kundi.

Da wane littafi ya kamata mutum ya fara?

Da The Concept of Law na H. L. A. Hart, wanda ya fito a 1961. Ba don shi ne mai gaskiya a komai ba, sai don duk waɗanda suka biyo baya da shi suke jayayya, kuma Turancinsa a miƙe yake.

Kafin Hart, ra'ayin da ya mamaye Ingila na John Austin ne, tun 1832: doka umarni ce ta mai iko, da barazanar horo a bayanta. Hart ya ce in haka ne, me ya raba gwamnati da ɗan fashin da ya nuna wa ma'aikacin banki bindiga ya ce miƙo kuɗi? Shi ma ai umarni ya bayar, da barazana. Sannan dokoki da yawa ba sa umartar kowa. Dokar wasiyya ba ta ce dole ka bar wasiyya ba, ta dai nuna maka yadda za ka yi in kana so ta tsaya.

Abin da Hart ya kawo shi ne cewa dokoki hawa biyu ne. Akwai masu gaya wa mutane abin da za su yi da wanda za su bari. Akwai kuma masu magana a kan dokokin kansu: yadda ake yin su, yadda ake soke su, wa ke yanke hukunci in an saɓa. A ƙasan duka akwai ƙa'idar da alƙalai da jami'ai suka yi ittifaƙi a aikace suna gane doka da ita. Ita wannan ba wanda ya kafa ta. Tana nan ne saboda ana bin ta.

A kan sauyawar hukunci, Hart ya ɗauko darasi daga masu falsafar harshe na Oxford da Cambridge na zamaninsa. Kowace kalma, in ji shi, tana da tsakiya inda babu gardama, tana da gefe inda ake shakka. Misalinsa: doka ta hana shiga da abin hawa cikin lambun shaƙatawa. Mota, babu musu. Keke fa? Takalmin taya na yara fa? A tsakiya alƙali bin doka yake yi. A gefe kuwa zaɓi yake yi, kuma gara ya faɗi gaskiya cewa zaɓi ne.

A nemi bugu na biyu, na 1994, ko wanda ya biyo bayansa, saboda a nan aka ƙara martanin da Hart ya rubuta wa masu sukarsa kafin rasuwarsa a 1992.

Su wa suka ja da shi, kuma a kan me?

Mutum biyu ne suka fi ƙarfi, dukansu Amurkawa.

Lon Fuller na Harvard ya kara da shi a 1958 a mujallar shari'a ta jami'ar. Abin da ya tayar da maganar shari'o'in Jamus ne bayan yaƙin duniya na biyu. A 1944 wata mata da ke son rabuwa da mijinta soja ta kai rahoton cewa ya zagi Hitler a cikin gida. Dokar lokacin ta haramta irin wannan magana, aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka tura shi fagen daga maimakon a kashe shi. Bayan yaƙi, a 1949, aka gurfanar da matar, ta ce ita doka ta bi. Hart ya ce dokar Nazi doka ce, mummuna dai. In ana son hukunta matar, a fito fili a yi sabuwar doka mai komawa baya, a san an taka wata ƙa'ida don a tsare wadda ta fi ta. Fuller ya ce tsarin da ke aiki da dokokin ɓoye, da dokoki masu komawa baya, da alƙalan da ke watsi da rubutu in sun ga dama, bai cancanci a kira shi doka ba tun farko. A littafinsa The Morality of Law na 1964 ya jera hanyoyi takwas da mai mulki zai so yin doka ya kasa, ciki har da yin dokar da ba mai fahimta, da wadda ba mai iya bi, da canza ta kullum har mutane su rasa inda suka dosa. Wanda ya rayu a ƙarƙashin dokokin soja zai karanta wannan babi yana gyaɗa kai.

Ronald Dworkin, wanda ya gaji kujerar Hart a Oxford a 1969, ta wata ƙofa ya shigo. Ya ɗauko wata shari'a ta New York ta 1889: wani saurayi ɗan shekara 16, Elmer Palmer, ya san kakansa ya rubuta masa mafi yawan dukiya a wasiyya, ya ji tsoron kada tsohon ya canza ra'ayi, sai ya ba shi guba. Dokar wasiyya ta jihar ba ta ce komai a kan mai kisa ba, kuma takardar ta cika sharuɗɗa. Duk da haka kotu ta hana shi, bisa ƙa'idar cewa ba a barin mutum ya ci ribar laifinsa. Dworkin ya ce ga shi nan: alƙalan ba zaɓin kansu suka yi a gefen kalma ba, kuma ba su fita daga doka ba. Doka ta ƙunshi manyan ƙa'idojin adalci da ba a rubuta su sashe-sashe ba, alƙali kuma wajibinsa ne ya nemo amsar da ta fi dacewa da tarihin dokar, ta kuma fi fito da ita a kyakkyawar sura. A Law's Empire na 1986 ya kwatanta alƙalai da marubuta da ke rubuta labari guda, kowa babi ɗaya: ba ka da ikon fara sabon labari, ba ka kuma zo don kwafe babin baya ba.

Wanda ya karanta Risala zai yi murmushi a nan, don an daɗe da rufe wannan babi a fiƙihu: mai kisan ganganci ba ya gadon wanda ya kashe, malamai kuma suka ƙulla ƙa'idar cewa wanda ya gaggauta abu kafin lokacinsa ana horonsa da rasa shi.

A ganina Dworkin ya fi Hart kama yadda alƙali yake ji a ransa lokacin da yake rubuta hukunci. Amma da'awarsa cewa kusan kowace shari'a mai wuya tana da amsa guda daidai, ita ce ke da wuyar haɗiya, in aka ga alƙalai tara masu ilimi sun rabu biyar da huɗu.

Wannan duk gardamar malaman jami'a ce. Tana da wani tasiri a kotu?

Tana da shi, wani lokaci ma tasiri mai ban tsoro. Misalin da ya fi kowanne shi ne na Hans Kelsen.

Kelsen yana cikin waɗanda suka tsara kundin tsarin mulkin Austriya na 1920. Bayahude ne, 'yan Nazi suka kore shi daga Jami'ar Cologne a 1933, daga bisani ya ƙare a Amurka. Ra'ayinsa, wanda ya fara fitowa a littafi da Jamusanci a 1934, shi ne kowace doka daga wadda ke samanta take samun inganci. Tarar da jami'i ya ci ka ta dogara da dokar majalisa, dokar majalisa ta dogara da tsarin mulki. Tsarin mulkin fa? A nan Kelsen ya ce dole a ɗauka akwai ƙa'idar tushe da ke cewa a bi shi, kuma ana ɗaukar haka ne muddin tsarin yana aiki, mutane suna bi. In aka yi juyin juya hali ya yi nasara, tsohon tushe ya faɗi, sabo ya tsaya.

A watan Oktoba na 1958 shugaban Pakistan, Iskander Mirza, ya soke tsarin mulki ya kafa dokar soja. Cikin makonni uku kotun ƙoli, ƙarƙashin babban joji Muhammad Munir, ta ɗauko littafin Kelsen ta ce juyin mulkin da ya yi nasara shi kansa hanya ce ta kafa doka. Tawadar hukuncin ba ta bushe ba Janar Ayub Khan ya tumɓuke Mirza ɗin, hukuncin da aka yi don wani sai ya amfani wani. A 1966 Milton Obote ya yi watsi da tsarin mulkin Yuganda, babbar kotun ƙasar ta bi sawun Pakistan, ta kafa hujja da Kelsen. Babban jojin Yuganda a lokacin ɗan Najeriya ne, Sir Udo Udoma. An sake jan sunan Kelsen a kotunan Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yanzu, bayan firaministanta Ian Smith ya ɓalle daga Birtaniya a 1965.

A Najeriya abin ya zo ta wata fuska. A shari'ar Lakanmi ta 1970, wadda ta taso daga ƙwace dukiyar wasu mutane da dokar soja a Jihar Yamma, lauyoyin gwamnati sun ce abin da ya faru a Janairun 1966 juyin juya hali ne, don haka tsarin mulkin 1963 ya mutu. Kotun ƙoli, ƙarƙashin Sir Adetokunbo Ademola, ta ƙi. Ta ce ministocin da suka rage ne suka miƙa wa soja mulki saboda lalura, tsarin mulki yana nan, soja ba su da ikon wuce abin da lalurar ta buƙata, ta kuma soke dokar ƙwacen. Cikin 'yan makonni gwamnatin Janar Gowon ta fitar da doka mai lamba 28 ta 1970, ta ce juyin juya hali ne aka yi, ta kuma shafe duk hukuncin da ya saɓa wa dokokinta. Kotu ta yi magana, bindiga ta yi ta ƙarshe.

Laifin Kelsen ne? Masu kare shi suna cewa shi bayani yake wa masanin da ke kallon tsari daga waje, ba fatawa yake ba alƙalin da ke zaune a ciki ba, wanda hukuncinsa ma yana cikin abin da zai sa juyin ya yi nasara ko ya faɗi. Ina tare da su. Kotun ƙolin Pakistan da kanta ta dawo a 1972 ta yi watsi da hukuncin 1958. Masu tsara kundin Najeriya na 1979 sun rubuta a sashe na farko cewa ba wanda zai karɓi mulki sai ta hanyar da kundin ya tanada, kuma an maimaita a na 1999. Rubutun bai hana juyin mulkin soja na ƙarshen Disambar 1983 ba, wanda kuma, ko an ƙi ko an so, hujja ce a hannun Kelsen.

Kotun ƙoli tana iya warware hukuncin da ita ta yanke a baya?

Tana iyawa. Ta Birtaniya ta ɗaure kanta a 1898 cewa ba za ta yi ba, ta kwance kanta a 1966. Ta Amurka ta halatta wariyar launin fata a 1896, ta soke ta a makarantu a 1954. Ta kafa 'yancin zubar da ciki a 1973, ta janye shi a 2022. Wato sauyi ba hanya ɗaya yake bi ba, kuma littafin da ya nuna maka doka kullum gaba take ci, ka yi hattara da shi. Ta Najeriya ma ta sha faɗin cewa za ta bar tsohon hukuncinta in ta ga kuskure ne ko yana haifar da zalunci.

Su Rawls fa? Ai ba lauyoyi ba ne.

Ba lauyoyi ba ne, amma alƙalin da ya fita daga tsakiyar kalma dole ya jingina da wani ra'ayi na adalci, ko ya sani ko bai sani ba. John Rawls, a A Theory of Justice na 1971, ya ce a ɗauka mutane za su tsara ƙasa alhali ba wanda ya san ko zai tashi attajiri ko talaka, mace ko namiji, mai lafiya ko naƙasasshe; abin da za su yarda da shi a wannan hali shi ne adalci. Robert Nozick ya mayar masa da martani a 1974, Amartya Sen kuma a 2009 ya ce a bar neman cikakken adalci a takarda, a kama rage zaluncin da ake gani da ido. Littafin Rawls doguwar tafiya ce. Babi ukun farko sun ishi mai neman fahimtar doka.

Akwai irin wannan muhawara a fiƙihun Musulunci?

Akwai, kuma ta girmi ta Turawa. An san Imam Shafi'i da tsohon zance na Iraƙi da sabo na Masar. Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya tsaya a kan cewa hukuncin da aka gina a kan al'ada yana canzawa in al'adar ta canza, kuma daskarewa a kan abin da ke cikin littattafai a irin wannan wuri ɓata ne. Shaɗibi na Garnaɗa, wanda ya rasu a 1388, ya shimfiɗa manufofin shari'a a Muwafaƙat: tsare addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Ibn Asim, mai Tuhfa ɗin nan da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna aiki da ita, mutumin Garnaɗa ne kuma yana cikin almajiran Shaɗibi. Kundin Majalla na Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya sa ƙa'idar canjin hukunci da canjin zamani a sashe na 39, Ibn Ashur na Tunisiya kuma ya sake raya ilimin manufofi da littafinsa na 1946. Iyakar da malamai suka ja ita ce abin da nassi yankakke ya tsayar ba ya cikin wannan. Fagen na ijtihadi da al'ada da maslaha ne.

A jami'o'in Turai kuwa, Joseph Schacht ne ya mamaye fagen da littafinsa na 1950, inda ya yi da'awar cewa yawancin hadisan hukunci daga baya aka samar da su. Muhammad Mustafa Azami ya bi hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya ya warware a littafin da ya fitar a 1985. Wael Hallaq kuma, a wata maƙala ta 1984, ya ƙalubalanci maganar da aka daɗe ana yi cewa an rufe ƙofar ijtihadi, ya nuna malamai sun ci gaba da yin sa a cikin fatawoyi da sharhohi. Duk wanda zai karanta Schacht ya ajiye Azami a kusa.

Dokar gargajiya ta Afirka fa?

Taslim Elias, wanda ya zama babban jojin Najeriya, daga baya kuma shugaban kotun duniya da ke Hague, ya rubuta The Nature of African Customary Law a 1956 don ya rushe da'awar cewa abin da 'yan Afirka ke bi al'ada ce kawai, ba doka ba. Martin Chanock, a binciken da ya yi kan Malawi da Zambiya a 1985, ya ƙara wani abu mai ɗaci: yawancin abin da kotunan mulkin mallaka suka rubuta da sunan gargajiya, abin da dattawa maza suka gaya wa Bature ne a lokacin da suke neman riƙe mata da matasa, da aka rubuta kuma sai ya daskare. Kotunan Najeriya har yau suna auna al'ada da ma'aunin adalci da suka gada daga Turawa, yanzu kuma da tsarin mulki. Da tsarin mulkin ne kotun ƙoli ta soke al'adar Ibo ta hana 'ya mace gadon mahaifinta, a shari'ar Ukeje ta 2014.

Littattafan suna da tsada kuma suna da wuya. Yaya mutum zai yi?

Tsofaffin, irin na Austin, Maine, Holmes, da The Nature of the Judicial Process na Benjamin Cardozo na 1921, duk sun fita daga haƙƙin mallaka, ana samun su kyauta a intanet. Stanford Encyclopedia of Philosophy ma kyauta ce, masana ne ke rubuta ta, kuma ta fi yawancin takardun da ake sayar wa ɗalibai a bakin aji. Hukunce-hukuncen Birtaniya suna shafin BAILII. Na Hart da Dworkin da Fuller kuwa sai laburaren tsangayar shari'a, ko a haɗa kuɗi mutum uku a sayi ɗaya.

Batun wuya, dabarar ita ce a fara da shari'a kafin littafi. Karanta hukuncin Atkin da na Buckmaster, ka yanke naka, sannan ka buɗe babi na bakwai na Hart. Karanta shari'ar Elmer, shafuka kaɗan ce, kafin ka taɓa Dworkin. Kada a taɓa Kelsen sai an san Lakanmi. Wanda yake son ya ɗanɗana duka a zama ɗaya ya nemi maƙalar da Fuller ya buga a 1949, The Case of the Speluncean Explorers. Shari'a ce ta ƙage: mutane biyar kogo ya rufta da su, yunwa ta kai su ga jefa ƙuri'a suka kashe ɗaya suka ci, da aka ceto huɗun sai aka yanke musu hukuncin kisa. Alƙalai biyar suka saurari ɗaukaka ƙarar, kowanne da mazhabarsa: biyu suka ce a tabbatar, biyu suka ce a sake su, ɗaya ya janye ya ce ya kasa. Da yake an yi kunnen doki, hukuncin kotun ƙasa ya tsaya. Kimanin shafi 30 ce, kuma ana samun ta kyauta.